Kada a huda jet: jan hankali ga masu babura da kanikawanmu na Fatakwal, Anacha da Inugu

Yau magana ce a kan wani ɗan ƙarfe da bai kai ƙwayar gyaɗa girma ba, amma ya kusa raba mutum uku da suka shekara suna cin abinci a kwano ɗaya.

Kwanakin baya aka kawo mana sulhu ofis: mai babur, yaron da yake yi masa balas, da bakaniken da yake duba masu mashin. Dukkansu 'yan gida ne, garinsu ɗaya a Arewa. Yaron ya ce babur ya daina ja, in ya ɗora buhun albasa biyu sai ya riƙa nishi. Ya kai wa bakanike, bakanike ya kwance kafireto, ya ciro babban jet, ya zura masa ɗan ƙarfen huda ya faɗaɗa ramin, ya mayar. Ƙarar mashin ta ƙara kauri, yaro ya tafi yana murna. Bayan 'yan watanni kuɗin mai ya cinye balas, fulogi yana mutuwa duk mako, baƙin mai yana warin fetur, daga ƙarshe ringi ya tafi, hayaƙi ya fara bin bayansa.

Mai babur ya ce, "Malam Sakatare, ni lafiyayyen mashin na ba shi." Yaro ya ce, "Alhaji, wallahi ban taɓa komai ba, wurin maigida na kai." Bakanike ya ce, "Shi ya ce min yana son ƙarfi, ni kuma abin da na ga ana yi na yi." Da muka sa wani tsohon bakanike ya buɗe mashin ɗin a gabanmu, sai ga soson iska ya toshe da ƙura da baƙin toka, kamar an tsoma shi a kwata. Tun farko iska ce ta yi wa injin kaɗan. Mai ya riga ya yi masa yawa, aka zo aka ƙara masa wani. An yi sulhu, an raba asarar uku, amma kowa ya fita da ɗacin rai.

Shi ya sa muka ga ya dace mu fito fili mu faɗi matsayarmu: huda jet ba gyara ba ne. In har babur yana bukatar jet mafi girma, a saya mai lamba, a ƙara mataki ɗaya, a gwada, a ajiye na asali. Ga dalilanmu, kuma muna roƙon a karanta har ƙarshe kafin a yi mana raddi.

Aikin kafireto ɗaya ne: haɗa iska da fetur daidai gwargwado kafin su shiga inji. Fetur yana ƙonewa tas ne idan kowane kilo ɗaya nasa ya samu kimanin kilo 14.7 na iska. Inji yana ba da ƙarfinsa mafi girma idan man ya ɗan fi haka yawa, wajen kilo 12 da rabi zuwa 13 na iska ga kilo ɗaya na mai. Daga nan duk man da aka ƙara ba ƙarfi yake zama ba, hayaƙi yake zama, domin babu iskar da za ta ƙona shi. Duk wanda ya taɓa hura wutar mai shayi ya san haka: in ka cika murhu da itace ka toshe masa iska, idanunka ne za su sha wahala, butar ba za ta tafasa da wuri ba. Girman inji da yawan iskar da yake iya zuƙa su ne iyakar ƙarfinsa. Injin da yake da cc 100 ba zai koma 150 don an faɗaɗa rami ba.

Abu na biyu da yawancinmu ba mu sani ba: kafireto ba ƙofa ɗaya gare shi ba. Akwai ƙaramin jet, wanda kanikawa suke kira silo jet, shi yake ciyar da inji daga silo zuwa kamar kwata na totur. Akwai allura, ita take mulki daga kwata zuwa kashi uku cikin huɗu. Sai babban jet, wanda ikonsa yake cika idan an murɗe totur daga kashi uku cikin huɗu zuwa ƙarshe. To, a tambayi kai: ɗan acaɓan da yake kutsawa lungunan Nkpor ko Obosi, ko mai kai nama daga kwata zuwa kasuwa cikin cunkoso, sau nawa a yini yake murɗe totur har ƙarshe? Mafi yawan tafiyarsa a hannun allura da silo jet take. Idan mashin yana mutuwa a silo, ko yana shaƙewa lokacin tashi, wanda ya taɓa babban jet ya bar jaki yana dukan taiki.

Yanzu mu zo kan lamba. Duk jet na kirki akwai lamba a jikinsa: 78, 85, 95, 100, da sauransu. A tsarin kamfanin Keihin na Japan, wanda yawancin kafireton baburan China irin su PZ26 da PZ27 suka kwaikwaya, lambar tana nuna faɗin ramin ne, an raba milimita ɗaya gida 100. Jet mai lamba 100 raminsa kimanin milimita 1 ne, mai lamba 85 kuma milimita 0.85. Matakan da kamfanin yake bi ƙanana ne ƙwarai: 98, 100, 102, 105, 108, 110. Tsakanin 100 da 102 milimita 0.02 ne kacal, bai kai rabin kaurin gashin kai ba. Kamfani bai yi haka don wasa ba, ya yi ne domin wannan ɗan bambancin inji yana jin sa.

Ga inda lissafi yake kama mutane. Mai ba faɗin rami yake kallo ba, filin ramin yake kallo, shi kuma fili yana ƙaruwa ne da faɗi sau faɗi. Daga 100 zuwa 105, faɗi ya ƙaru da kashi 5 cikin 100, amma fili ya ƙaru da kashi 10. Daga 100 zuwa 110, fili ya ƙaru da kashi 21. Daga 80 zuwa 90, wanda a ido ba ka ganin bambancinsa, ƙarin ya haura kashi 26. Ƙarfen huda da ake samu a gareji kuwa, in ma an dace da ƙanana, tsallensa daga milimita 0.9 ne zuwa 1.0 zuwa 1.1. Wato zura ɗaya ta tsallake matakan kamfani uku ko huɗu. Sannan hannu yana rawa, ƙarfe yana lilo, ramin da aka nufa 100 ya fito 104 ko ya fito karkatacce.

Kuma ba faɗi kaɗai ke aiki ba. Bakin jet an sassaƙa shi da wani ɗan gangare, tsawon ramin an auna shi, cikinsa sumul yake. Duk waɗannan suna cikin abin da yake ƙayyade man da zai wuce. Ƙarfen huda yana cinye gangaren, ya bar kaushi da ɓurɓushin tagulla a ciki. Jet biyu da aka huda da ƙarfe ɗaya ba lallai su zubar da mai iri ɗaya ba. Mafi muni shi ne lambar da take jikinsa ta zama ƙarya. Gobe yaro ya koma Anacha ko ya sayar da mashin a Oyigbo, wani bakanike ya buɗe ya ga 85, ya yarda, ya shiga neman ciwon a koyil da bawul da fulogi, mai mashin yana biya. Ramin da aka faɗaɗa kuma ba ya komawa. Magani a sha shi da kaɗan-kaɗan ake yi, amma wannan in ya wuce ya wuce.

A ƙara da cewa lambobin kamfanoni ba ɗaya ba ne. Kamfanin Mikuni, shi ma na Japan, yana da wani nau'in jet mai kai kusurwa shida wanda lambarsa ba faɗin rami take nunawa ba, yawan man da yake wucewa a minti ɗaya take nunawa. Don haka 100 na wannan ba 100 na wancan ba ne. Zaren ɗaurinsu ma ya bambanta, wani siriri wani mai kauri. Wanda zai sayi jet ya tafi da tsohon a aljihu, a haɗa su kai da kai, zare da zare.

Me yake faruwa idan mai ya yi yawa? Na farko aljihu. Tun ranar 29 ga Mayu 2023 da Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, litar da muke saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta tsallake 1,000 a wurare da dama. Mu yi lissafi na misali, kowa ya sa nasa adadin. A ce yaro yana ƙona lita 4 a yini, a ce lita naira 900. Ba za mu ɗora masa kashi 21 ba tunda ba kullum totur yake a ƙarshe ba, mu ce kashi 10 kawai. Naira 360 ke nan a yini. A kwana 26, naira 9,360. A shekara, sama da naira 112,000. 'Yan uwanmu na Anacha da Inugu kuma sun san tun watan Agusta 2021 Litinin nawa suka yi asara saboda zaman gida. Mutumin da ranakun nemansa suka ragu, shi ne kuma zai riƙa zubar da mai ta salansa?

Na biyu inji. Fetur ɗin da bai ƙone ba yana wanke baƙin man da yake shafe a bangon silinda, ringi ya riƙa gogar ƙarfe a bushe. Wani kuma ya gangara ƙasa ya tsinka baƙin man gaba ɗaya. Shi ya sa in ka zaro ma'aunin baƙin mai ka ji warin fetur, ka ga man ya yi ruwa-ruwa kuma kamar ya ƙaru, ka san akwai matsala. Toka tana taruwa a kan fistan da bawul da fulogi. Na uku lafiya. Injin da mai ya yi wa yawa yana fitar da iskar guba mai suna kabon monoksaid fiye da kima, ba ta da wari ba ta da launi. Da yawanmu muna shigar da babur ɗaki ko shago da dare saboda ɓarayi, mu tayar da shi da asuba ƙofa a rufe, yara suna kwance. Irin iskar da take kashe mutane idan an kwana da janareta a ɗaki ce. A fitar da mashin waje kafin a tayar, ko jet ɗinsa lafiya lau yake.

Ba za mu yi adalci ba in ba mu ambaci ɗaya gefen ba, domin tun da mai ya yi tsada wata sabuwar ɗabi'a ta shigo: matse jet. Wani ya zare silin waya ɗaya daga tsohuwar wayar wuta ya zura a ramin, wani ya ɗan daki bakin jet da guduma, wai an rage shan mai. Silin da kaurinsa milimita 0.3 ne, a ramin 0.9, ya cinye kashi 11 na fili. Wannan ya fi huda haɗari. Baburanmu iska ce take sanyaya su, ba ruwa ba, kuma ɗan rarar man nan da kamfani ya bari lokacin da totur yake a buɗe yana taimakawa wajen rage zafin kan inji. In aka ƙwace shi, inji yana ɗaukar zafi, yana ƙarar ƙwanƙwasa kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, bawul ɗin salansa ya ƙone, wani lokaci fistan ya narke ko ya kama. Wani ɗan uwanmu da yake ɗauko kaya tsakanin Inugu da 9th Mile ya gane haka a hawan tsaunin Milliken, da kaya a baya, rana tsaka. Kuɗin man da ya tara a wata biyu bai kai rabin kuɗin fistan da bawul ba. Garin neman ƙiba an samo rama.

Mun san akwai masu ja da mu, kuma wasu hujjojinsu suna da ƙamshin gaskiya.

Na farko suna cewa babur ɗin da aka sauko da shi daga Arewa dole a buɗe masa jet, domin iskar Kudu ta fi nauyi. Gaskiya ne iska tana ƙara nauyi in an gangaro. Fatakwal kusan daidai take da teku, Anacha a bakin Kwara take, Inugu tana wajen mita 200, Kano tana kusa da mita 500, Jos kuwa ta kai wajen mita 1,200. Nauyin iska yana raguwa kimanin kashi 1 cikin 100 a duk mita 100 da aka hau. Tsakanin Kano da Fatakwal ke nan kusan kashi 5 ne, kuma kafireto da kansa yana rama wani ɓangare na wannan, sannan laimar da take cikin iskar Kudu tana cin wurin wani abu na iskar da mai yake bukata. Abin da ya rage da ƙyar ya kai mataki ɗaya. Ba za a magance bambancin kashi 5 da ƙarin kashi 21 ba. Inda maganar take da ƙarfi shi ne mashin ɗin da aka riga aka rage wa jet a Jos ko wani wuri mai tudu, sannan aka kawo shi nan. Shi wannan a mayar masa da lambarsa ta asali, shi ke nan.

Na biyu suna cewa in an fasa salansa ko an cire soson iska, inji yana zuƙar iska da yawa, dole a ƙara mai. Wannan ma gaskiya ne, masu tseren babura haka suke yi, amma da jet masu lamba a akwati, ba da ƙarfen huda ba. Tambayarmu ita ce, me ya kai mai neman abinci fasa salansa? Cire soso kuwa kisan inji ne a fili. Ƙurar hunturu tana isowa har nan, kuma mutanen Fatakwal sun san baƙin tokar da ta riƙa sauka a kan rufi da tufafi tun wajen 2016. Abin da yake baƙanta farar riga a kan igiya, shi soso yake tarewa. A wanke shi a kai a kai, kada a jefar da shi.

Na uku suna cewa talaka ba shi da kuɗin sayen jet, kuma na kasuwa ma jabu ne, lambar da take jikinsa ba ita ce raminsa ba. Batun jabu mun yarda akwai shi. Amma muna zaune ne a yankin da ya fi ko'ina a ƙasar nan kayan babur. Kasuwar Nkwo Nnewi ba ta da nisa da Anacha, kuma daga can ake loda kayan mashin zuwa garuruwanmu na Arewa. Akwai Coal Camp a Inugu, akwai Ikoku a Fatakwal. Jet ɗaya yana cikin mafi arahar abin da yake jikin babur, ba a haɗa kuɗinsa da na ringi da fistan. Maganin jabu shi ne a saya wurin wanda aka sani, a sayi lambobi uku ko huɗu na kamfani ɗaya a lokaci ɗaya domin ko da sun kauce su kauce tare, a ɗaga su sama a haske a kwatanta da na asali. Wanda ya ce zai huda don gudun jabu, da hannunsa ya ƙera jabu.

Na huɗu, kuma shi ne ya fi yawa: "Kaya nake ɗauka, ina son ja." Mai ɗaukar doya da albasa da tumatir da awaki yana da gaskiya, yana bukatar ja. Amma ja ba a jet yake ba. Yana cikin siforket: in aka ƙara wa na baya haƙora biyu ko uku, mashin zai fi ja da kaya a hawa, sai dai gudunsa na ƙarshe ya ɗan ragu, wanda ba asara ba ce ga mai kaya. Yana cikin kuloci da ya cinye yana sulɓewa, da sarƙar da ta bushe, da tayar da ba ta da isasshiyar iska, da birkin da yake riƙewa, da bawul da ya matse. Duk waɗannan suna satar ƙarfi, kuma babu wanda huda jet yake gyarawa.

Sai a kula da man kansa. A watan Fabrairu 2022 gwamnati da kanta ta amsa cewa an shigo da fetur mai yawan sinadarin metanol, ya lalata motoci, aka yi ta layi a gidajen mai. A yankin Ribas kuma kowa ya san man kwalba da na matatun daji. Mai maras kyau yana sa mashin tari da rashin ƙarfi daidai da yadda jet maras daidai yake yi, kuma dattinsa yana toshe jet. Jet ɗin da ya toshe wanki yake so: a jiƙa shi, a busa shi da iska. Kada a soka masa allurar ɗinki ko wayar ƙarfe, domin tagulla tana da laushi, soka goma huda ɗaya ce.

Ga tsarin da muke roƙon kanikawanmu su bi kafin a taɓa babban jet. A wanke soso. A duba robar da take tsakanin kafireto da inji ko ta tsage tana shan iska. A duba tsayin fulot da allurarsa, domin in mai ya cika kofi fiye da kima, ko wane jet aka sa zai yi yawa. A saita bawul. A sa fulogi mai kyau. A zuba mai daga gidan mai. In duk an yi haka, a bar inji ya yi zafi, a hau hanya mai kyau da babu cunkoso, a buɗe totur har ƙarshe a babbar giya. In mashin yana ɓarɓaɗi yana tari, sautinsa ya yi nauyi, mai ya yi yawa. In kuma da ka ɗan sassauta totur sai ka ji ya ƙara ja, mai ya yi kaɗan. A kashe nan take, a bar shi ya huce, a ciro fulogi. Baƙi mai busasshiyar toka, mai ya yi yawa. Fari fat kamar alli, mai ya yi kaɗan, kuma inji yana cikin haɗari. Ruwan ƙasa mai haske, an dace. Baƙi mai maiƙo kuwa baƙin mai ne yake hawa, ciwon yana ringi ko bawul, jet ba shi da laifi. In za a canza, mataki ɗaya, abu ɗaya a lokaci ɗaya, a sake gwadawa. Wannan ƙa'ida ita ce dai ga Keke Napep mai kafireto da janareta da injin ban ruwa.

Wani zai ce me ya haɗa ƙungiya da kafireto? Abin da ya haɗa mu shi ne ofishinmu ake kawo rigimar, kuma zamanmu a nan ba irin zaman gida ba ne. An hana acaɓa a Fatakwal da kewayenta tun zamanin Gwamna Rotimi Amaechi. Gwamna Sullivan Chime ya hana a cikin birnin Inugu a 2012. Gwamna Willie Obiano ya hana a Anacha da Awka daga 1 ga Yuli 2018. Ko Kano ta hana a Janairu 2013. Dalilin da aka fi bayarwa tsaro ne da haɗurra, ba hayaƙi ba. Amma sakamakon shi ne yaranmu da suka rage a sana'ar sun koma bayan gari da ƙauyuka da kai kaya tsakanin kasuwanni, cikin unguwannin mutanen da suke haƙuri da mu. Babur mai fasasshen salansa da yake tayar da unguwa da asuba, yana barin baƙin hayaƙi a ƙofar gidan mutane, ba sunan mai shi ake kira ba, cewa ake "Hausawan nan". Rana ɗaya shugaban unguwa zai ce ya gaji, kuma ba a kan mutum ɗaya hukuncin zai faɗa ba. Zaman lafiya da masu masauki jari ne, kada mu ƙona shi a salansa.

Don haka ga abin da muke ba da shawara a tattauna a taron wata mai zuwa, a kowane reshe. Na ɗaya, duk wanda zai ba da babur balas ko biya-kaɗan-kaɗan, a rubuta lambar babban jet da silo jet a takardar yarjejeniya, kamar yadda ake rubuta lambar inji. Na biyu, yaro kada ya sa a taɓa kafireto fiye da wanki sai da sanin mai mashin. Na uku, bakaniken da ya canza jet ya miƙa wa mai shi tsohon a hannu, ya faɗa masa lambar sabon. Na huɗu, kowace tasha ta haɗa kuɗi ta sayi ƙaramin akwatin jet masu lamba, a ajiye wurin bakanike amintacce, a riƙa gwadawa da shi kafin mutum ya saya. Na biyar, a sulhun da za a kawo nan gaba, in aka buɗe aka ga an huda jet ko an zura masa waya ba da izinin mai mashin ba, wanda ya yi aikin da wanda ya sa aka yi su ne za su ɗauki asarar.

Ga kanikawanmu, ba cin fuska muke yi ba. Mun san yawancinku a gindin bishiya kuka koyi aikin, da kunne da hannu, kuma kuna tayar da mashin ɗin da mai takarda zai ce a kai bola. Mun kuma san wani lokaci mai mashin ne yake tsaye a kanku yana cewa a huda. To, ku riƙa cewa a'a. Likitan da yake ba da duk allurar da maras lafiya ya nema ba taimakonsa yake yi ba. Bakaniken da ya ce, "Ɗan uwa, soso ne ciwonka, kawo kuɗin wanki kawai," ya rasa ɗan canji yau, amma ya samu mutum na shekara goma.

Ga matasanmu kuma, mun san abin da ya fito da ku daga gida: akwai tsoho da tsohuwa da suke jiran aike, akwai aure da ake tarawa, akwai gonar da za a fansa. Babur ɗin nan, naka ne ko na Alhaji, shi ne gonarka a nan. Ƙara ba ita ce ƙarfi ba. Wanda ya riga ya huda, kada ya ji kunya, ya je ya sayi mai lambar asali ya mayar, ya canza baƙin mai, ya cika tanki ya lura da tafiyar da zai yi kafin ya ƙare. Sai ya dawo nan ƙasa ya faɗa mana abin da ya gani, da irin mashin ɗinsa da lambar jet ɗin, domin na baya su amfana. Dattawan kanikawa da suka ga kuskure a bayaninmu, ƙofar gyara a buɗe take.

Allah ya tsare mu a hanya, ya sa albarka a nema, ya mayar da kowa gida lafiya.

Sakataren ƙungiya